Kunne Ya Girmi Kaka: Sauraron Wasan Kwaikwayo a Cikin Mota

Gabatarwa

Tsakanin Kano da Zariya akwai tafiyar kilomita kimanin 150, wadda mota kan cinye cikin sa'a biyu idan hanya ta yi kyau. A wurin babban mutum wannan ba wani dogon zama ba ne, amma a wurin yaro ɗan shekara takwas da aka ajiye a kujerar baya, sa'a biyu daidai take da wuni guda. Tun ba a kai Kwanar Ɗangora ba ya tambaya ko an kusa isa ya fi a ƙirga, ya tsokani ƙanwarsa, ya nemi ruwa, ya ce fitsari yake ji. Don a sami lafiya sai uwa ko uba su miƙa masa littafi ko wayar hannu. Akan sami shiru na ɗan lokaci, sa'an nan yaron ya fara hamma, gumi mai sanyi ya keto masa, yawu ya cika masa baki, kafin a ankara ya shiga kwara amai.

Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan warin fetur ko abincin da yaron ya ci kafin a taso. Waɗannan suna iya tsananta abin, amma tushensa yana can cikin kunne, inda ido da ma'aunin motsin jiki suke samun saɓani. Ilmin halitta ya nuna cewa a cikin mota mai tafiya ido yana cikin wahala, alhali kuwa ji yana nan sake, ba abin da ya dame shi. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, ta kuma nuna yadda iyaye da malamai za su mayar da sa'o'in tafiya wata kafa ta gabatar wa yara fitattun wasannin kwaikwayo ta hanyar muryoyin da aka naɗa.

Gaɓa Ɗaya, Aiki Biyu

Abin da ake gani a gefen kai ana kira kunne ɓangaren waje ne kurum, aikinsa tattara sauti kamar mazurari. Shi kuwa sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Idan ta bi ramin kunne sai ta tarar da wata siririyar fata a miƙe kamar fatar kalangu, watau dodon kunne, ta kaɗa ta. A bayan wannan fata akwai 'yan ƙasusuwa uku a jere, waɗanda aka laƙaba wa suna saboda siffarsu: guduma, da maƙera, da likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, domin tsawonta kimanin milimita 3 ne. Dodon kunne da waɗannan ƙasusuwa suna ninka ƙarfin girgizar kusan sau 20, su miƙa ta ga kunnen ciki, wanda ke binne a cikin ƙashin ƙoƙon kai.

Kunnen ciki ya kasu kashi biyu. Kashi na farko wani bututu ne mai cike da ruwa, a nannaɗe kamar katantanwa, wanda in da za a warware shi tsawonsa bai wuce milimita 35 ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a kansu: kimanin 3,500 a layin ciki, waɗanda su ne ke aika saƙo, da kimanin 12,000 a layukan waje, masu ƙara wa saƙon kaifi. Idan ruwan ya motsa sai gasun su ranƙwafa, ranƙwafawar ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Wani masani haifaffen ƙasar Hangari, Georg von Békésy, shi ya gano cewa siririn sauti yana kaɗa gindin katantanwar, kakkauran sauti kuma yana kaɗa ƙololuwarta, ta yadda kowane amo yana da mazauninsa. Wannan aiki ya jawo masa kyautar Nobel a shekarar 1961.

Kashi na biyu ba ruwansa da ji. Ya ƙunshi bututu uku masu lanƙwasa kamar rabin zobe, kowanne yana fuskantar wata nahiya dabam, su ma cike da ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa idan kai ya juya, ko ya sunkuya, ko ya karkata. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi irin na alli, waɗanda ke zamewa idan jiki ya zabura gaba, ko ya tsaya, ko ya yi sama da ƙasa. Duk yaron da ya taɓa wasan hajijiya ya san aikin wannan sashe: bayan ya daina juyawa, abin da ke cikin bututun bai gama komawa mazauninsa ba, don haka sai ya ga ƙasa tana ci gaba da juyawa har ya faɗi.

Abin da Ke Kawo Amai a Mota

Kullum ƙwaƙwalwa tana gwama rahoton ido da na kunnen ciki da na gaɓoɓi don ta san halin da jiki yake. Idan mutum yana tafiya da ƙafa, duk rahotannin bakinsu ɗaya. A cikin mota kuwa, yaron da ya ƙura wa shafin littafi ko fuskar waya ido, idonsa yana shaida cewa komai a tsaye yake, domin shafin yana tafiya tare da shi. A daidai wannan lokaci kunnen ciki yana ba da labarin kwana, da rami, da birki, da zabura. Wannan saɓani shi ne bayanin da yawancin masana suka fi amincewa da shi, kuma James Reason da Joseph Brand ne suka shimfiɗa shi dalla-dalla a littafinsu na shekarar 1975.

Akwai tsohuwar hujja da ke nuna cewa kunnen ciki ne jigon lamarin. A shekarar 1882 William James na Jami'ar Harvard a Amurka ya tattara bayanai kan kurame sama da 500, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa jin jiri ko da an juya su. Daga baya an tabbatar cewa mutumin da wannan sashe na kunnensa ya daina aiki gaba ɗaya ba ya samun tashin zuciya a mota ko jirgin ruwa.

To amma me ya haɗa saɓanin ido da kunne da amai? Michel Treisman ya ba da wata amsa a shekarar 1977. A ganinsa, kafin a ƙera abin hawa, babban abin da kan rikita gani da ma'aunin jiki a lokaci guda shi ne guba da mutum ya ci. Saboda haka idan ƙwaƙwalwa ta ga rahotanni sun saɓa, sai ta ɗauka guba ce, ta umurci ciki ya fitar da abin da ke cikinsa. Wannan hasashe ne da ake ci gaba da muhawara a kansa, amma ya dace da alamun da ake gani.

Jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 ba kasafai abin ke kama su ba. Ya fi addabar yara daga shekara 2 zuwa 12, watau daidai shekarun da ake son cusa masu son karatu. Shi kuwa direba da wuya ya yi amai, domin idonsa yana kan hanya, kuma ya san kwana kafin a sha ta. Daga nan za a gane fa'idar sauraro. Yaron da ke sauraro kansa a ɗage yake, yana iya duban gaba ta gilashi, idonsa da kunnen cikinsa su yi baki ɗaya, katantanwar kunnensa kuma ta ci gaba da aikinta ba tare da ta shiga rigimar ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a cikin mota mai gudu ji ne ke da rinjaye.

Daga Sauti Zuwa Ma'ana

Ji ya riga karatu nesa ba kusa ba. Ɗan tayi yakan fara jin sauti tun yana da kimanin wata shida a ciki. A shekarar 1986 Anthony DeCasper da Melanie Spence a jihar Karolina ta Arewa suka sa mata masu juna biyu su riƙa karanta wani ɗan labari da ƙarfi sau biyu a rana a makonni shida na ƙarshe. Bayan haihuwa aka ba jariran wani abin tsotso da aka haɗa da na'ura, ta yadda salon tsotsonsu ne ke zaɓar abin da za a kunna masu. Jariran suka fi zaɓar labarin da suka saba ji tun suna ciki. Haka kuma a 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka nuna cewa jariri ɗan wata takwas, bayan sauraron minti biyu kacal na gaɓoɓin magana da aka jera ba tsayawa, yana iya fara rarrabe inda kalma ta fara da inda ta ƙare.

Magana halitta ce a jikin ɗan Adam, rubutu kuwa sana'a ce da aka ƙirƙiro kimanin shekara 5,000 da suka wuce, kuma dole kowane yaro ya koye ta da wahala. Philip Gough da William Tunmer sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya haɗa baƙi da wasali, da kuma fahimtar harshen kansa. Idan ƙafa ɗaya ta gurgunce, ɗayar ba ta isa ba. Yaron firamare yana kashe yawancin ƙarfinsa a kan haɗa baƙi, shi ya sa abin da yake iya fahimta da kunne ya zarce abin da yake iya karantawa, kuma ratar ba ta rufewa sai wajen shekara 12 zuwa 13. Ma'anar wannan ita ce, wasan da ya fi ƙarfin idon yaro ɗan shekara tara ba lalle ne ya fi ƙarfin kunnensa ba.

Wasu malamai kan ɗauki sauraro a matsayin lalaci ko zamba cikin karatu. Binciken da Fatma Deniz da abokan aikinta suka buga a 2019 daga Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya taɓa wannan batu. Sun sa mutum tara a cikin na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka saurari wasu labarai, suka kuma karanta labaran nan dai a rubuce. Taswirar sassan ƙwaƙwalwa da ke sarrafa ma'anar kalmomi ta fito kusan iri ɗaya a duka biyun. Ƙofar shiga ce ta bambanta. Sauraro ba zai koya wa yaro haɗa baƙi ba, wannan aikin aji ne da littafi, amma yana cika masa rumbun kalmomi da salon jimla waɗanda zai tarar suna jiransa a ranar da ya buɗe littafin.

Dalilin Zaɓar Wasan Kwaikwayo

Wasan kwaikwayo don baki aka rubuta shi. A kan takarda sunaye ne a jere da maganganu a gabansu, kuma ɗalibi da yawa kan ɓata tun a shafi na uku, ya kasa tuna wane ne ke magana da wa. A cikin murya wannan matsala ba ta tasowa. A shekarar 2000 Pascal Belin da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa akwai wasu wurare a gefen ƙwaƙwalwa da suka fi amsa muryar ɗan Adam a kan kowane irin sauti. Cikin ƙiftawar ido mai sauraro yakan gane ko namiji ne ko mace, tsoho ko yaro, cikin fushi yake ko cikin zolaya. Abin da marubuci zai ɓata layi biyu yana bayyanawa, murya ta riga ta isar da shi.

Ga Hausa kuwa akwai ƙarin dalili. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Kalmar kuka ta mai hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasalin farko ne bambancinsu. Gogaggen mai karatu yana cike wannan giɓi daga abin da ya sani, amma yaro, musamman wanda ya tashi a birnin da Hausa ba ta da rinjaye, yana bukatar ya ji kalmar a bakin gwani. Haka habaici da gatse da ba'a: rabin ma'anarsu a cikin murya take.

Daɗin daɗawa, mai sauraro shi ke gina dandalin da kansa. Ƙarar ƙofa, da takun doki, da sallama daga nesa sun isa ya ƙera zaure ko fada a zuciyarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Hausa, domin tatsuniya da dare ake yin ta, a cikin duhu ko farin wata, kuma kaka ba ta da kayan wasa illa muryarta, wadda takan lanƙwasa ta yi tsamin bakin Gizo. Wasan kwaikwayo na murya ci gaban wannan tarbiyya ce ta kunne.

Wasannin da Za a Fara da Su

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa yana da tarihin da ya kai shekara 90, tun daga wasanni shida da R. M. East ya wallafa a Zariya cikin shekarun 1930. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, yana wayar da kai ne kan tsabta da ilmin zamani, kuma sauƙin harshensa ya dace da 'yan firamare. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, kuma wasanninsa sun bi ta gidan rediyo, saboda haka zancensu ya zauna daram a kunne. Sai dai jigoginsu na aure da rikicin zaman birni ne, kamar yadda Uwar Gulma ta Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina suke, don haka sun fi dacewa da 'yan sakandare. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo aka buga a 1975, labari ne na yaron da aka raba da uwarsa aka ƙetara Sahara da shi, kuma da wuya a sami yaron da zai ji farkonsa bai nemi jin ƙarshensa ba.

Daga ƙetare kuwa, sunan da ɗalibin adabi ba zai kauce wa ba shi ne William Shakespeare na Ingila, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta sa Othello a manhajarta daga 2016 zuwa 2020, sa'an nan A Midsummer Night's Dream daga 2021 zuwa 2025. Ɗalibai da yawa ba sa haɗuwa da shi sai a aji huɗu na sakandare, a kan takarda, cikin Ingilishin da ya shekara 400, ga kuma fargabar jarrabawa. Alhali kuwa wasanninsa sun dace da kunne ƙwarai, domin a dandalin Globe da aka gina a Landan a 1599 da rana tsaka ake wasa, kuma babu kayan ado masu yawa, saboda haka 'yan wasa ne ke faɗa da baki ko dare ne, ko daji ne, ko bakin teku. Gidan rediyon BBC ya watsa Twelfth Night tun a 1923, wasan tagwayen da haɗarin jirgin ruwa ya raba, macen ta yi shigar maza. Shi ne Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Tsakanin 1957 da 1964 ƙungiyar Marlowe ta Jami'ar Kambirij ta naɗi dukkan wasannin Shakespeare a faifai, kuma daga 1998 aka fara fitar da jerin Arkangel mai wasanni 38. Abin da a da sai an tara faya-fayai ko kaset-kaset, yanzu yana shiga cikin ƙwaƙwalwar wayar hannu guda.

Na'ura Ba Ta Maye Gurbin Mutum

Kuskure ne a ɗauka cewa da an kunna wasa an gama aiki. A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washinton da ke Seattle suka gwada jarirai 'yan wata tara na gidajen da ake jin Ingilishi kaɗai. Wasu aka zaunar da su sau 12 tare da mutane masu magana da Sinanci, wasu kuma aka ba su darasin nan dai ta talabijin ko ta murya zalla. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi rarrabe sautukan Sinanci, sauran kuwa kamar ba su taɓa ji ba. A 2018 kuma John Hutton na asibitin yara da ke Cincinnati ya gabatar da hotunan ƙwaƙwalwar yara 27 masu kimanin shekara huɗu, waɗanda aka ba labari ta hanya uku. Murya zalla ta sa ƙwaƙwalwarsu wahalar neman ma'ana, majigin zane mai motsi ya cika masu ido ba tare da sassan ƙwaƙwalwa sun haɗa kai ba, murya tare da hoto marar motsi ita ta fi daidaita aikin.

Darasin da ke ciki a fili yake. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya fi bukatar tatsuniya daga bakin uwarsa a kan kowace na'ura. Daga shekara shida ko bakwai ana iya fara gajerun wasanni na minti 10 zuwa 15, a riƙa ƙarawa a hankali. Kuma a kowane mataki babba yana da aiki. Kafin a tashi, ya ba yara taƙaitaccen labarin wasan da sunayen manyan 'yan wasa, domin ƙwaƙwalwa ta fi kama abin da ta riga ta sami ƙugiyar rataye shi. Sanin ƙarshen labari ba ya rage wa yaro daɗi, shi da ke neman a maimaita masa tatsuniya ɗaya sau goma. Wannan dabara ce Charles Lamb da 'yar'uwarsa Mary suka bi a 1807, da suka mayar da wasannin Shakespeare 20 labarai don yara. Idan wasan na Ingilishi ne, a ba da labarin da Hausa tukuna.

A kan hanya kuma, a riƙa tsayar da wasan a ƙarshen kowace fitowa a yi tambaya: wane ne ya yi magana yanzu, me ya sa ya yi ƙarya, me ake jin zai biyo baya? Kada a mayar da abin jarrabawa, kuma ba dole ne a fassara kowace kalma ba. Idan yara sun gaji a kashe, a bar su da marmari, domin wasan da aka yanke a wuri mai daɗi shi ake roƙon a ci gaba da shi a hanyar dawowa. Wajibi ne kuma babba ya riga yara sauraron wasan, don ya san ko akwai abin da bai dace da shekarunsu ba.

Kiyaye Kunne da Kiyaye Hanya

Ƙwayoyin nan masu gashi da ke cikin katantanwar kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam, kuma ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali ba tare da ciwo ba. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya iyakance wa babba desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin sauti biyu, ya kuma rage lokacin da kunne zai jure da rabi. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron da ya wuce kima.

Cikin mota wuri ne mai hayaniya, balle idan an sauke gilasai ana gudu. Yaron da ya toshe kunnuwansa da iyafis zai yi ta ƙara murya don ya rinjayi ƙugin inji da iska, ba tare da kowa ya sani ba. Ya fi kyau a saurara ta lasifikar mota, kowa yana ji. Ma'auni mai sauƙi shi ne: idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, to ƙarar ta yi yawa.

Game da direba, David Strayer da William Johnston na Jami'ar Utah sun gano a 2001 cewa hira ta waya tana sa masu tuƙin gwaji su riƙa kuskure alamun tsayawa, alhali sauraron rediyo ko littafin murya bai yi wannan illa ba. Duk da haka hannun direba ba na lalube a waya ba ne. Wanda ke zaune kusa da shi ya riƙe kunnawa da kashewa da tambayoyi, kuma idan an shiga cunkoso, ko kasuwar bakin hanya, ko ruwan sama ya sauko, a dakatar da wasan.

Aikin Makaranta

Ba kowane gida ke da mota ba, kuma ba kowane rubutaccen wasan Hausa ne ake samu a naɗe ba. A nan makarantun sakandare suke da rawar takawa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta tana iya ɗaukar fitowa ɗaya daga wasan da ke cikin manhaja, ta naɗe ta da wayar hannu a cikin aji mai shiru, a rataya barguna ko tabarmi a bango don rage amsa-kuwwa. Ɓawon kwakwa biyu sun isa takun doki, farantin kwano da aka girgiza ya isa tsawa. Abin da aka naɗa zai yi amfani a motar makaranta ranar ziyarar ilmi, ɗalibai kuma su kai wa ƙannensu gida. Idan ana nufin yaɗa shi a wajen makaranta, sai a nemi izinin masu haƙƙin littafin.

Malamin kimiyya shi ma yana da rabo. Yana iya raba aji biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su karanta fitowa ɗaya, rabi su saurare ta, a yi masu tambayoyi iri ɗaya a ranar, a kuma maimaita bayan mako guda. Sa'an nan a sauya, masu karatu su koma sauraro da wata fitowar. Ko me sakamakon ya nuna, ɗalibai sun koyi yadda ake shirya gwaji, da dalilin yin ƙuri'a, da haɗarin yanke hukunci daga adadi kaɗan.

Kammalawa

An ga cewa kunne gaɓa ce mai aiki biyu, kuma saɓanin da ke tsakanin ido da ma'aunin motsi shi ke sa karatu a mota ya zama azaba ga yara. An ga kuma cewa fahimtar yaro ta kunne tana gaban ta ido har ya kusa balaga, kuma wasan kwaikwayo, na Hausa ko na ƙetare, a murya yake cika. Sharuɗɗan su ne a zaɓi abin da ya dace da shekaru, a rage ƙara, babba kuma ya kasance yana cikin hirar. Iyalin da ke tafiyar minti 20 zuwa makaranta da minti 20 na dawowa suna da fiye da sa'a uku a kowane mako, wanda ya isa a saurari cikakken wasa guda. Yaron da ya taso a haka, ranar da malami ya ajiye masa Jatau Na Kyallu ko wani wasan Shakespeare a kan tebur, zai buɗe shi ne yana jin muryoyin mutanen da ya riga ya sani.